Mary Seacole (1805–1881): Tarihin Wata Mai Jinya Daga Jamaika

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga makarantar koyon aikin nas, ko kuwa ya zauna da waɗanda suka shiga, lalle ya ji sunan Florence Nightingale. Ita ce ake faɗa wa ɗalibai tun ranar farko cewa ta tsai da wannan aiki da ƙafafunsa, har ma ranar haihuwarta, watau 12 ga watan Mayu, aka keɓe ta zama ranar nas-nas ta duniya. Amma a cikin yaƙin nan da ya fito da sunan Nightingale akwai wata mace da ita ma ta yi jinyar sojoji, wadda ta fito daga wata ƙasa dabam, ta sami wata tarbiyya dabam, kuma ta fahimci jinya ta wata fuska dabam. Sunanta Mary Seacole, mutuniyar tsibirin Jamaika. Manufar wannan maƙala ita ce a kawo tarihin rayuwarta, domin a cikinsa ana iya ganin yadda al'ummu suka sha bamban game da abin da ake nufi da jinya, da kuma wanda ya cancanci a kira shi ma'aikacinta. Wannan tambaya ta bi Mary tun tana da rai, lokacin da ta nemi aiki aka hana ta, ba ta kuma rabu da ita ba har bayan rasuwarta da shekara 135, sa'ad da masana suka yi ta jayayya a kan ko ya dace a kafa mutum-mutuminta a harabar wani asibiti.

Asalinta da Tasowarta

An haifi Mary Jane Grant a birnin Kingston na Jamaika a cikin shekarar 1805. A wannan zamani tsibirin yana ƙarƙashin mulkin Ingila, arzikinsa kuwa ya dogara ne a kan gonakin rake waɗanda bayi ke nomawa, bayin da aka kwaso akasari daga Afirka ta Yamma. Ingila ba ta hana fataucin bayi ba sai 1807, bautar kanta kuwa ba a soke ta a Jamaika ba sai 1834, ba a kuma saki bayin baki ɗaya ba sai 1838. Mahaifin Mary, James Grant, soja ne mutumin Sikotilan. Mahaifiyarta kuwa ɗiya ce, ba baiwa ba, mai jinin Afirka. Saboda haka Mary ta tashi da 'yancinta, sai dai 'yanci ne ragagge, don kuwa har zuwa 1830 mutane irinta ba su da ikon jefa ƙuri'a ko riƙe muƙamin hukuma.

Abin da ya fi muhimmanci a tarihin Mary shi ne sana'ar mahaifiyarta. Tana da wani masauki a Kingston mai suna Blundell Hall, inda hafsoshin soja da matansu ke sauka, musamman waɗanda ciwo ya kama. Akwai mata da dama masu irin wannan sana'a a Jamaika, kuma mutanen ƙasar suna kiran su da wani suna mai ma'anar likita mace. Idan ana so a kwatanta wa Bahaushe aikinsu, sai a ce a haɗa fatoma da mai magani da ungozoma a cikin mutum ɗaya. Matar za ta ba baƙo ɗaki, ta dafa masa abincin da cikinsa zai iya ɗauka, ta haɗa masa magani da ganyaye da saiwoyi, ta wanke shi, ta zauna kusa da shi har ya warke ko ya cika, sa'an nan a biya ta ladanta. Wani ɓangare na ilmin da suke aiki da shi ya samo asali ne daga abin da bayi suka zo da shi daga Afirka, wani kuma sun tsinta daga likitocin soja. Tun kafin a haifi Mary, a 1780, wata mata mai wannan sana'a, Cubah Cornwallis, ta yi jinyar Horatio Nelson a Port Royal lokacin yana matashin hafsa, shi ne kuwa wanda daga baya ya zama babban jarumin mayaƙan ruwa na Ingila. Turawan da ke zuwa Jamaika zazzaɓin shawara yana yi masu mummunar ɓarna, don haka sun san darajar waɗannan mata ko da ba su faɗa ba.

A cikin wannan gida Mary ta koyi aiki. Ta ba da labari a littafinta cewa da 'yar tsanarta ta fara gwada jinya, sa'an nan ta koma kan karnuka da kyanwoyi, kafin ta kai kimanin shekara 12 kuwa ta fara taimakon mahaifiyarta wajen kula da marasa lafiya. Ba ta taɓa shiga makarantar koyon jinya ba, dalili kuwa babu irinta a Jamaika, kai ko a Ingila ma ba a kafa ta Nightingale ba sai 1860. Tana budurwa ta je Landan sau biyu, a karo na biyu ta tafi da kayan abinci na ƙasarsu don sayarwa, ta kuma zagaya Bahamas da Kyuba da Haiti tana fatauci. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin tun daga nan jinya da kasuwanci suke tafiya tare a rayuwarta, ba ta kuwa taɓa ganin abin kunya a haɗa su ba.

A 1836 ta auri Edwin Seacole, wani Bature mai yawan laulayi. Suka buɗe kanti a garin Black River, bai yi albarka ba, suka komo Kingston. A 1843 gobara ta cinye Blundell Hall, a 1844 mijin ya rasu, ba da daɗewa ba mahaifiyarta ta bi shi. Mary ta sake gina masaukin, ta ci gaba da sana'ar uwarta, ba ta kuma sake aure ba.

Kwalara a Jamaika da Panama

A 1850 annobar kwalara ta faɗa wa Jamaika, ta kashe mutane fiye da 30,000. A nan ne Mary ta fara sanin wannan cuta ido da ido. A shekarar da ta biyo baya ta tafi Panama wajen ɗan'uwanta Edward, wanda ke da masauki a wani ƙauye mai suna Cruces. An gano zinariya a Kalifoniya a 1848, kuma tun da ba a haƙa mashigin ruwa na Panama ba tukuna, dubban Amurkawa suna ratsa ƙasar ta kogi da kan alfadarai don su isa ɗaya gaɓar teku. Cruces zango ne a kan wannan hanya, cike da laka da ƙazanta da matafiya, ga shi babu likitan kirki. Ba ta daɗe da isa ba sai kwalara ta ɓarke.

Yadda ta yi aiki a wannan annoba ya nuna ƙarfinta, ya kuma nuna iyakar ilminta. Takan ɗumama jikin mara lafiya, ta murza masa gaɓoɓi, ta ɗora masa ƙullin garin mastad mai zafi a ciki, ta ba shi ruwan da aka tafasa da kirfa idan ƙishirwa ta dame shi. Takan kuma ba da wasu magungunan Turawa na zamanin, ɗaya mai zaiba a ciki, ɗaya mai dalma. A yau an san cewa waɗannan biyu guba ne, kuma abin da mai kwalara ke bukata shi ne a mayar masa da ruwa da gishirin da jikinsa ke zubarwa. To, amma manyan likitocin Landan na wancan lokaci su ma da irin wannan guba suke aiki, don ba a tabbatar da ƙwayar da ke jawo kwalara ba sai bayan binciken Robert Koch a 1883 zuwa 1884. Mai yiwuwa tafasasshen ruwan kirfar nan ya fi sauran magungunan ceton rai, ko da yake ita kanta ba ta san dalili ba. Wani abin mamaki shi ne, da wani jariri maraya ya mutu a hannunta, sai ta ɓoye ta feɗe gawar don ta ga abin da cutar ke yi wa cikin ɗan Adam. Ta kuma rubuta da hannunta cewa ta yi kurakurai a farkon aikinta waɗanda suka jawo asarar rayuka. Masu hali sukan biya ta, matalauta kuwa takan duba su kyauta. Ita ma cutar ta taɓa ta, Allah ya sa da sauran kwana.

A Panama ne ta fara gamuwa da wariyar launin fata irin ta Amurkawa tsirara. A wani taron cin abinci wani Ba'amurke ya tashi zai yabe ta, sai ya nuna takaicinsa da ba fara ba ce, har ya yi fatan da ana iya wanke mata fata. Ta mayar masa da martani nan take cewa ba ta bukatar wankinsa, ta kuma gaya masa abin da take gani game da tarbiyyar mutanen ƙasarsa. Da ta koma Jamaika a 1853 ta tarar da annobar shawara, hukumar soja ta nemi ta shugabanci masu jinya a barikin Up-Park Camp. Watau dai a ƙasarta hukuma da kanta ta yarda da ƙwarewarta.

Yaƙin Kirimiya

Yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da daular Turkawa ta Santambul a 1853. A watan Maris na 1854 Ingila da Faransa suka shiga a gefen Turkawa, suka kai rundunoninsu yankin Kirimiya a bakin Bahar Aswad, da nufin cin sansanin jiragen ruwan Rasha da ke Sabastafol. Ingila ta yi asarar sojoji fiye da 20,000 a wannan yaƙi, mafi yawansu kuwa ba harsashi ne ya kashe su ba, kwalara ce da atuni da zazzaɓi da sanyi. Jaridar Times, wadda wakilinta William Howard Russell ke fagen yaƙin, ta bayyana wa mutanen Ingila halin da 'ya'yansu ke ciki, hankali ya tashi. Saboda haka Sidney Herbert, sakataren harkokin yaƙi, ya nemi Florence Nightingale ta tafi da mata masu jinya. Ta tashi a ranar 21 ga Oktoba 1854 da mata 38.

A nan ya kamata mu dakata mu dubi yadda Turawa suka ɗauki jinya a lokacin, domin in ba haka ba ba za a gane abin da ya sami Mary ba. A Ingila aikin jinya a asibiti aiki ne na ƙasƙanci, ana yi wa masu yin sa kallon barori jahilai mashaya. Marubucin nan Charles Dickens ya zana irin wannan mata a littafinsa Martin Chuzzlewit, sunan matar har ya zama abin zolaya. Iyayen Nightingale masu dukiya ne, sun kuma yi shekaru suna hana ta wannan aiki don gudun abin kunya. A ƙasashen Katolika kuwa, kamar Faransa, sistoci ne ke jinya, suna ɗaukar ta ibada, ba su neman lada sai na Allah. A Jamus ma wani fasto, Theodor Fliedner, ya kafa irin wannan ƙungiya ta mata a Kaiserswerth a 1836, can ne kuma Nightingale ta sami ɗan horonta. Musulmi ba baƙi ba ne ga wannan fahimta, tun da an san labarin Rufaida al-Aslamiyya wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana kula da masu rauni, har aka kai mata Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Nightingale ta so ta ɗauki tsarkin niyyar sistoci ta haɗa da horo da tsari, ta mai da jinya aikin da 'yar mutunci za ta yi ba tare da an zarge ta ba. Don haka ta kafa dokoki masu tsanani: tufafi iri ɗaya, biyayya ga shugaba mace, ba a taɓa mara lafiya sai da umurnin likita, ba kuma a barin nas a ɗakin sojoji da dare. Wadda ta sha giya ko ta yi wasa da soja, sai a sallame ta.

Mary ta isa Landan a cikin kakar 1854, da niyyar bin sawun wasu kuɗi da ta zuba a haƙar zinariya a Panama. Da ta ji cewa rundunonin da ta sani a Jamaika suna can kwalara na cin su, sai ta ƙudura tafiya. Ta je ma'aikatar yaƙi, ba a saurare ta ba. Ta je gidan Sidney Herbert inda matarsa ke ɗaukar masu jinya, aka ce mata an cika. Ta nemi asusun taimakon sojoji ya biya mata kuɗin jirgi, nan ma aka ƙi. Ta rubuta cewa ta tsaya a kan titi da yamma tana hawaye, tana tambayar kanta ko launin fatarta ne ya jawo. Masana tarihi sun rabu a kan wannan. Wasu sun ce ta makara, ayarin farko ya riga ya tafi, na biyu ya cika, ga shi ba ta da takardar shaidar aiki a wani asibiti, shekarunta kuma sun kai kusan 50. Wasu kuwa sun ce launin ne. A ganina dalilan biyu ba sa korar juna, kuma akwai na uku da ya fi su zurfi. Mace mai haɗa magani da kanta, mai gardama da likita, mai sayar da abinci da giya, mai kiran sojoji 'ya'yanta, ita ce ainihin irin matar da tsarin Nightingale ke ƙoƙarin raba aikin jinya da ita. Ko da fara ce, da wuya ta zauna lafiya a cikin wannan tsari.

Da ta ga ƙofa ta rufe, sai ta koma ga abin da ta gada. Ta haɗa jari da wani Thomas Day, dangin mijinta, suka sayi kaya da magunguna, ta shiga jirgi a watan Janairu 1855 da kuɗin aljihunta. A kan hanya ta tsaya a Scutari, daura da Santambul, inda asibitin Nightingale yake. Suka gana a taƙaice cikin mutunci, Mary ta roƙi wurin kwana, aka ba ta gado a sashen mata masu wanki. Kashegari ta wuce. Scutari tana da nisan kimanin mil 300 daga fagen yaƙi, ana kawo marasa lafiya ne ta jirgin ruwa. Mary kuwa kusa da wutar take so.

A tashar jiragen ruwa ta Balaklaba ta yi makonni tana kwana a cikin jirgin da ke ɗauke da albarushi, da rana kuma ta tsaya a bakin ruwa tana ba masu rauni shayi mai zafi da ruwan lemo yayin da suke jiran a loda su zuwa Scutari. Wannan ba magani ba ne, amma wanda ya yi sa'o'i kwance cikin sanyin Kirimiya ya san darajarsa. Daga nan ta gina wurinta a kan hanyar da ta tashi daga Balaklaba zuwa sansanin sojoji, kusa da ƙauyen Kadikoi, da tarkacen katako da ƙarafa da ƙofofin da aka tsinto. Ginin ya ci kimanin fam 800, ta sa masa suna British Hotel. Ba masauki ba ne na kwana, kanti ne da ɗakin cin abinci na hafsoshi da kuma wurin sayar wa ƙananan sojoji abinci. Ana samun kome a ciki, daga takalma da sabulu har zuwa gasasshiyar kaza da giya mai tsada. Takan rufe da ƙarfe 8 na dare, ba ta buɗewa ran Lahadi, ta kuma hana caca. Ɓeraye da ɓarayi sun yi mata ɓarna ƙwarai.

Kowace safiya kuwa sojoji da leburori sukan taru a ƙofarta, masu gudawa da masu zazzaɓi da waɗanda sanyi ya ci wa yatsu, ta duba su ta ba su magani. Da yawa sun fi son zuwa wurinta da zuwa asibiti, domin a wancan hunturu asibiti ya yi suna wajen kisa. A Scutari, a watan Fabrairu 1855, kimanin mutum 42 cikin kowane 100 da aka kwantar suna mutuwa, kuma adadin bai faɗi sosai ba sai da wata hukumar tsabta ta zo daga Landan a watan Maris ta gyara magudanan ƙazanta da hanyar ruwan sha. Sojoji suka riƙa kiran Mary da sunan Uwa. A ranakun manyan gwabzawa takan sa tufafinta masu launi mai haske, ta ɗora abinci da abin sha a kan alfadarai, ta rataya jakar bandeji da allura da zare, ta nufi bayan fagen fama. Ta yi haka a ranar 18 ga Yuni da aka kai hari kan ganuwar Redan, inda ta gurɗe babban yatsanta garin faɗuwa ƙasa don kauce wa harsashin igwa. Ta yi haka a yaƙin kogin Tchernaya a ranar 16 ga Agusta, inda ta ɗaure raunukan Faransawa da mutanen Sardiniya har da Rashawa abokan gaba. Da Sabastafol ta faɗi a watan Satumba, ta sami izni ta shiga garin tun wuta ba ta mutu ba. Gaskiya ne cewa a irin waɗannan ranaku takan sayar wa 'yan kallo da hafsoshi abinci, masu sukarta kuma suna kafa hujja da wannan. Amma Russell, wanda ya gan ta da idonsa, ya shaida cewa ta kula da masu rauni da hannu mai taushi da ƙwarewa.

Bayan Yaƙi

An sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a Faris a ranar 30 ga Maris 1856. Abin da ya zama farin ciki ga kowa ya zama karyewa ga Mary, domin ta cika kantinta da kaya masu tsada, sojoji kuwa suka watse, wasu hafsoshi da bashinta a wuyansu. Ta sayar da abin da ya sayu da asara, ta koma Ingila ba lafiya ba kuɗi. A watan Nuwamba kotu ta tabbatar da cewa ita da Day sun karye. Sojojin da ta yi wa jinya ba su manta da ita ba. Aka yi ta rubuta wasiƙu a jaridu, aka buɗe asusu, a watan Yuli 1857 kuma aka yi bikin kwana huɗu na kaɗe-kaɗen soja a Royal Surrey Gardens don tara mata kuɗi. Dubban mutane suka halarta, sai dai kamfanin da ke da wurin shi ma yana bakin karyewa, abin da ya isa hannunta bai taka kara ya karya ba. A wannan wata ne littafin tarihin rayuwarta ya fito, mai suna Wonderful Adventures of Mrs Seacole in Many Lands, da gabatarwar Russell. Daga wannan littafi aka sami mafi yawan abin da aka sani game da ita, don haka dole mai nazari ya tuna cewa ta rubuta shi ne tana cikin bashi, tana kuma neman yardar masu karatu Turawa.

Ta koma Jamaika ta yi wasu shekaru. A 1867 aka sake tara mata kuɗi da goyon bayan 'ya'yan gidan sarautar Ingila, wannan karo abin ya wadace ta. A 1870 tana Landan, lokacin da yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Farusiya, sai Nightingale ta rubuta wa Sir Harry Verney, mijin yayarta, wasiƙa a asirce game da ita. A ciki ta yarda cewa Mary ta kyautata wa sojoji, ta kuma yi wani alheri, amma ta ce duk inda aka sa ta za a sami shaye-shaye da rashin kamun kai, ta kuma bayyana cewa a Kirimiya ta yi ƙoƙari ƙwarai ta hana nas-nas ɗinta cuɗanya da ita. Wasiƙar ba ta zargi Mary da rashin iya jinya ba, damuwar mai rubutun duk a kan sunan aikin take da mutuncin masu yin sa. Mary ta rasu a gidanta da ke Paddington a ranar 14 ga Mayu 1881, aka binne ta a maƙabartar Katolika ta Kensal Green.

Tsarin Nightingale ne ya ci duniya, kuma da hujja. Ita ce ta yi amfani da lissafi ta nuna wa hukuma cewa ƙazanta ta fi harsashi kisa, ta kafa makaranta a asibitin St Thomas a 1860, ɗalibanta suka bazu ƙasashe suna kafa irinta. Ilmin Mary kuwa na gado ne, daga uwa zuwa 'ya, ba ta kafa makaranta ba, ba ta bar almajirai ba. Ta hanyar mulkin mallaka tsarin makaranta ya iso Nijeriya, har Kofoworola Abeni Pratt ta shiga makarantar Nightingale ɗin kanta a 1946, daga baya ta zama shugabar nas-nas ta tarayya. Amma wanda ya leƙa asibitocinmu zai ga cewa an raba aikin gida biyu. Nas tana ba da magani da allura, ta rubuta abin da ta gani, ciyarwa da wanka da zaman dare kuwa sai ɗan'uwan da ya zo jinya, wanda ke shimfiɗa tabarma a gefen gado. Hausa ma ba ta rarrabe ba, mai jinya sunan mara lafiya ne, sunan mai kula da shi ne kuma. Matan Jamaika irin su Mary duka ɓangarorin biyu suke riƙewa.

Bayan rasuwarta sunanta ya ɓace a Ingila na tsawon kusan ƙarni guda. Mutanen Jamaika ne suka riƙe shi. A 1954 ƙungiyar nas-nas ta ƙasar ta sa wa hedkwatarta sunanta, aka kuma sa shi a wani ɗakin kwanan ɗalibai mata na Jami'ar West Indies. A 1973 aka gyara kabarinta da taimakon nas-nas 'yan Jamaika, waɗanda da yawansu suka zo Ingila bayan yaƙin duniya na biyu suna aiki a asibitoci, suna kuma gamuwa da irin ƙofofin da aka rufe mata. An sake buga littafinta a 1984, a 2004 kuma aka zaɓe ta a wata ƙuri'ar jama'a a matsayin baƙar fatar da ta fi kowa daraja a tarihin Birtaniya. Da aka tashi kafa mutum-mutuminta a harabar asibitin St Thomas, wasu masana, cikinsu har da Lynn McDonald wadda ta tattara rubuce-rubucen Nightingale, suka ƙi yarda. Hujjarsu ita ce Mary 'yar kasuwa ce mai kirki, ba ta taɓa aiki a wannan asibiti ko wani asibitin Ingila ba, kuma an ƙara wa labarinta gishiri, misali lambobin yabon da ake ganin ta da su a hoto babu shaidar cewa hukuma ce ta ba ta. Magoya bayanta suka amsa cewa ba a auna mace da ma'aunin makarantar da ba a kafa ba sai bayan ta gama aikinta. Aka buɗe mutum-mutumin a ranar 30 ga Yuni 2016, aikin wani masassaƙi Martin Jennings. An nuna ta tana tafiya da jakar magani a rataye, a bayanta kuma akwai wani babban faifan tagulla da aka zuba da siffar ƙasar wurin da ta yi aiki a Kirimiya. Yana tsaye a bakin kogin Thames daura da majalisar dokokin Birtaniya, a cikin harabar da gidan adana kayan tarihin Florence Nightingale yake.